Wata Uku a Kan Motar Surukina

Tun kuna ƙanana kuke jin ana kirana Sada Wata-Uku. Har wasiƙa an taɓa aiko mini da wannan suna a bayan ambulan, kuma ta iso. Labarin da kuka sani shi ne wanda Ɗahiru, ƙanen kakanku Alhaji Iro, yake bayarwa duk ranar salla bayan an ci tuwo: wai motar surukina ta yi wata uku tana zarya a garejina ban gane ciwonta ba, sai da Allah ya ji tausayina ta warke da kanta. Ban taɓa musa masa ba, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da ya iya ba da labari, ni kaina nakan yi dariya. Amma yanzu daga ni sai uwarku muka rage cikin waɗanda suka san abin da ya faru, idona kuma ya fara gajiya da rubutu, don haka bari in ajiye muku shi yadda yake.

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki ne, karon farko da muka ga haka da idonmu. Katsina ta cika da tutoci da motoci masu lasifika, kowa ya zama ɗan siyasa, har mai shayin bakin garejinmu yana da ra'ayi a kan tsarin mulki. Ni kuwa siyasata ɗaya ce, rumfar kwano da na kafa a gindin wata bishiyar bedi a Ƙofar Kaura, da akwatin sifanu, da ramin duba ƙarƙashin mota wanda na haƙa da hannuna. Shekarata biyu ke nan da rabuwa da maigidana Malam Tukur, wanda ya koya mini aiki, shekara guda kuma da auren uwarku Hajara. Ina son aikin nan ƙwarai. Babu abin da ke faranta mini rai kamar a turo mota tana tari ta fita tana waƙa.

Malam Tukur yakan ce mota abu uku take ci, mai da iska da wuta. In ɗaya ya gaza ko ya yi yawa sai ta yi gardama, kuma ba ta cika nuna gardamar ba sai a ƙaramin gudu, lokacin da ka taka totur tana fama da nauyin jikinta. A kan miƙaƙƙen titi kowace mota lafiyayya ce. Amma babban karatun da ya fi nanata mana shi ne, kafin ka ɗauki sifana ka tsare mai mota da tambaya kamar alƙali: yaushe take yi, a ina take yi, me ka yi mata kafin ta fara. Rabin gyara, in ji shi, yana bakin mai mota. Na riƙe wannan karatu a kan kowa, ban da mutum ɗaya.

Ku ba ku san Alhaji Iro da ƙarfinsa ba, kun same shi tsoho mai raba muku dabino. A lokacin dogon mutum ne, mai ƙarancin magana, wanda ya taso a ruga bayan shanu kafin ya zauna Ƙofar Kwaya ya kama fataucin dabbobi. Ragunansa sun yi suna a kara saboda tsabta, domin da sabulu yake wanke su kafin ya kai su. A farkon daminar shekarar ya sayi mota, ta hannu ce amma mai kyau, fara, irin mai dogon baya. Ita ce abu na farko da ya saya don kansa ba don ya sayar ba. Ya koyi tuƙi da girmansa, kuma bai taɓa wuce giya ta biyu a cikin gari ba, har masu keke kan yi masa sallama su wuce.

Ba a yi sati biyu ba Ɗahiru ya kawo mini ita bayan azahar, ya ce Alhaji ya ce a duba. Wai in ya taka mata wuta sai ta noƙe kamar jakin da ya ga rami, ta yi tari, ta fizga, wani lokaci ta mutu a tsakiyar hanya mutane su taru su tura. Na tambayi Ɗahiru yaushe take yi, ya ce kullum. Na ce a ina, ya ce ko'ina. Shi ba gida ɗaya suke da Alhaji ba, kuma hankalinsa duk yana wajen yaƙin neman zaɓen wani abokinsa. Na shiga na zaga da ita daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Kwaya na dawo, a hankali kamar mai rakiyar amarya, ina taka totur ina saki. Ko tari ɗaya ba ta yi ba. Duk da haka na cire fulogogi na goge, na gyara mata silo, wato bugun inji in tana tsaye, na ce a gwada.

Kwana biyu ta dawo. Na wanke kafireta da fetur, na hure 'yan ramukanta ɗaya bayan ɗaya da bakina. Ta dawo. Na canja matatar mai, na kakkaɓe ta iska, na bi tiyo-tiyo ina neman inda iska ke satar shiga. Ta dawo. Na zargi man bakin hanya da ake gauraya wa kananzir, Ɗahiru ya rantse Alhaji ba ya shan mai sai a gidan mai. Ranar da na sauke tanki na sami ɗan tsatsa a ƙasansa, har goro na saya na raba don murna, na ce yau na kama ɓarawo. Da jibi sai ga ta a gindin bedi, Ɗahiru yana fitowa yana kaɗa makulli.

Za ku ce me ya hana ni zuwa in tambayi mai motar da kansa. Ku 'yan yanzu ne, na ga mijin ɗayanku yana cin abinci kwano ɗaya da ni yana ba ni labarin ƙwallo, kuma ban ce laifi ba ne. A zamaninmu suruki ba abokin hira ba ne. In na je gaida Alhaji, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in tsuguna, idona a ƙasa, ya tambayi lafiya da aiki da mutanen gida, in amsa, in tashi. Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. In na hango shi a hanya sai in sake lungu. To mutumin da ba ka iya haɗa ido da shi, ta yaya za ka tsare shi ka ce me ka yi wa motar nan? Sau biyu ina zuwa da niyyar tambaya, sau biyu ina dawowa da "to Baba, in Allah ya yarda."

Aka yi zaɓe, abokin Ɗahiru ya ci kujerar majalisa. A lokacin Kaduna ce babban birninmu, can zai tare, kuma yana neman direba wanda ya san inji. Ɗahiru ya kai wa Alhaji magana cewa ga dama ta samu, yaron nan kanikanci bai karɓe shi ba, gara ya bi babban mutum ya ci arziki. Wata Juma'a da na je gaisuwa, majalisar ƙofar gida cike, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malam, sana'a ba a yi mata dole. In har aka rantsar da mutanen nan motar ga ba ta daidaita ba, a rufe rumfar nan a tahi Kaduna. Ɗiyata na buƙatar abin dogaro."

Na ce to. Me zan ce? Ba da mugunta ya faɗa ba, uba ne mai duba 'yarsa, ga ta da tsohon ciki. Amma na koma gida kamar an ɗora mini dutse. Ba na son in bar tsohuwata ita kaɗai a gari, ba na son in ƙare rayuwata ina buɗe wa wani ƙofa ina jiran ya gama taro. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na fara yarda da Ɗahiru. A makon ne wani ya fara kirana Wata-Uku a wurin mai shayi, aka yi dariya, sunan ya zauna.

Ana cikin haka uwarku ta tafi gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ta sauka lafiya. Babbarku ce, wadda har yau ba na kiran sunanta, ta san kanta. Itacen dafa ruwan wankan jego a wuyan miji yake, ni kuwa kunyar 'yar fari ta hana ni kai shi da rana tsaka mutane suna kallo. Sai na shirya da wani mai jaki mu kai da sassafe, bayan an fito masallaci kafin unguwa ta cika, mu jibge a bakin zaure mu gudu.

Muna shan kwanar lungun na tsaya cak. Ga motar a ƙofar gida, bonet a buɗe. Ga Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ɗaure zani a kan wando, bokiti biyu a gabansa, da soso da sabulu. Ya gama da jikinta tana ƙyalli, yanzu ya shiga ciki. Ina kallo ya saɓa wa inji kumfa tun daga sama har ƙasa, yana bi da soso a hankali tsakanin wayoyi, yadda yake bi bayan kunnen rago. Sannan ya ɗauki kwanon sha ya riƙa kamfato ruwa yana sheƙawa a kan fulogogi, da kan ɗan ƙoƙon nan da ke raba musu wuta. Yana yi yana 'yar magana da ita ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

Na ja da baya na laɓe a bayan katanga, na riƙe bakina. A tsaye a nan na ga wata ukuna gaba ɗaya. Ruwa ya kwanta a ramukan fulogi da cikin ƙoƙon, wuta kuma ba ta da amana, in ta sami laima sai ta bi ta ta zurare maimakon ta isa inda aka aike ta. Alhaji ya tayar da mota da jiƙaƙƙen inji, ya kama hanyar kara a hankali, ya taka totur, wuta ta gaza, mota ta noƙe. Kafin azahar rana da zafin inji sun busar da komai, sai a kawo mini lafiyayyar mota in yi ta neman ciwo. Tambaya ɗaya da na yi masa, da an gama tun ranar farko. Jakin ya zaɓi wannan lokaci ya yi kuka, muka koma da baya muka jira sai da motar ta tafi, ina jin tarinta har ta sha kwana.

Gaskiya zan faɗa muku, abin da na fara ji daɗi ne, irin daɗin wanda aka zalunta ya sami shaida. Duk yinin ranar ina tsara yadda zan yi. Zan bari sai Juma'a majalisa ta cika, Ɗahiru yana zaune, in nemi bokitin ruwa in nuna wa kowa. Har na ji irin shirun da za a yi. Da la'asar na je duba mai jego, aka ba mu wuri a ɗakin tsohuwarta, na ba uwarku labari. Ta yi dariya har tana riƙe ciki tana cewa in bari kada in fama mata. Ashe tun da ta zo gidan take ganin ana wankan nan kowace safiya, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Da na gaya mata shirina na Juma'a sai dariyar ta tsaya. Ta gyara wa jaririyar kwanciya, sannan ta ce:

"Ko ƙannena ba ya bari su taɓa motar nan, da kanshi yake ɗebo ruwan. In ka faɗa gaban mutane, har ya mutu ana ba da labarin Bafillacen da ya yi wa inji wanka. Kai yaro ne, suna bai kama ka ba tukuna."

Na ce ai ya riga ya kama ni. Ta ce to ni na san abin da ya fi, ita ba za ta hana ni wanke kaina ba. Haka uwarku take, ba ta taɓa hana ni abu ba, sai dai ta ajiye mini shi a inda ba zan iya tsallakewa ba.

Washegari na aika a ce ina son motar ta yini biyu a wurina. Na yanko tsohuwar robar cikin taya, na kai wa wani baduku a kasuwa, na zana masa a ƙasa, ya ɗinka mini 'yar hula daidai kan ƙoƙon, da ƙananan safa huɗu na fulogogi. Ya tambaye ni ko na laya ne, na ce kusan haka. Na busar da komai, na shafe bakin wayoyi da giris, na sa hular na ɗaure. Sannan na ɗebo bokiti na sheƙa wa injin da hannuna, na tayar, na zaga a giya ta biyu. Na sake sheƙawa, na sake zagawa. Makwabtan gareji suka tsaya suna kallo, na ji mai faci yana cewa Wata-Uku ya fara taɓuwa. Sau biyar na yi, ba ta yi tari ko ɗaya ba.

Kwana goma motar ba ta dawo ba. Ranar da aka rantsar da farar hula, mutane sun taru a ƙofar gidan Alhaji ana sauraron rediyo, na je gaisuwa. Ɗahiru ya ce to gwani, a gaya mana, mi ne ne ciwon? Kowa ya juyo. Maganar tana kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Na dubi tabarma na ce wuta ce take zurarewa, na rufe mata hanya. Ban yi ƙarya ba. Ɗahiru ya ce wata uku ana neman wuta a gari mai rana irin wannan, aka fashe da dariya, ya ƙara da cewa sa'a ta fi iyawa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce tunda mota ta daidaita, maganar Kaduna ta wuce, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na tashi na ɗauki takalmina, ban san lokacin da na iso Ƙofar Kaura ba don sauƙin da na ji.

Abin ya ci mini wani abu, kada ku ce bai ci ba. Wanda ya karɓi aikin direban ya riga ni gina gida a Kambarawa, ya riga ni zuwa Makka da shekaru. Motocin 'yan siyasa da Ɗahiru zai iya turo mini, wani garejin ya kai su, domin wa zai ba Wata-Uku motar mai girma? Na daɗe ina gyaran akwalar 'yan kasuwar ƙauye kafin mutane su gane hannuna. Amma a gindin bedin nan na ciyar da ku duka, na rufe tsohuwata da hannuna, ban taɓa kwana a wani gari ina jiran wani ya gama taro ba. Da aka sake kai itace kafin a gama arba'in, na hango Alhaji yana wanke jikin motar, bonet a rufe. Daga baya uwarku ta ce yanzu da busasshen tsumma yake goge injin. Na ce wataƙila hular ce ta ba shi sha'awa ba ya son ta jiƙe. Muka bar maganar a nan, shekara ashirin da wani abu babu wanda ya tayar da ita.

Sai a ciwonsa na ƙarshe. Ya aika a kira ni, na shiga na tsuguna a bakin ƙofa yadda na saba. Ya sa kowa ya fita, ya ce in matso. Ya rame ƙwarai, amma idonsa na nan.

"Sada."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Ya ci gaba:

"Na ga hularka bayan katanga ran nan. Jakinka ma ya gaishe ni. Na yi ta jiran Juma'a ka faɗa, ba ka faɗa ba. Ni kau na kasa faɗa, girman banza ya hana ni, na bar ka da suna. Ka yafe mani."

Na ce Baba babu komai, sunan ma ya karɓe ni. Ya yi murmushi. Ya ce in ya tafi, in Ɗahiru ma ya tafi, in ba jikokinsa labarin su yi dariya, ai kaka abokin wasa ne, su dariyarsu ba ta zubar da girma. To ga shi na cika alkawari, ku yi dariyarku, ya halatta muku. Sannan ya kama hannuna, wannan hannu da baƙin mai bai taɓa fita daga farcensa ba.

"In an zo yi mani wanka, kai za ka zuba ruwa. Malamai sun ce wanda ya gani bai faɗa ba ake nema."

Bayan kwana shida ya cika. Yana da 'ya'ya maza, yana da ƙanne, ga Ɗahiru tsaye yana mamaki, amma liman ya ce wasiyya ce, shi ma Alhaji ya gaya masa. Na naɗe hannun riga, na ɗauki kwanon, na zuba a hankali.